Alkawarin uba da tsegumin gari: sarautar Rama da waɗanda suka biya kuɗinta

Da safiyar ranar da za a naɗa shi yarima mai jiran gado aka kira Rama cikin gida, aka ce ya tattara ya shiga daji, kada ya sake taka birnin Ayodiya sai bayan shekara 14. An riga an share tituna, an kafa tutoci, baƙi sun cika gari. Babu wani laifi da ya yi. Tsohon alkawari ne da mahaifinsa, Sarki Dasharata na ƙasar Kosala, ya yi wa ɗaya daga cikin matansa ya taso a ranar da ba a zata ba. Rama ya ce ya ji, ya kuma yarda. Ya rabar da dukiyarsa, ya tuɓe kayan sarauta ya ɗaura ɓawon itace irin na masu gudun duniya, ya fita tare da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, waɗanda suka ƙi a bar su a baya.

A kan wannan fita aka gina sunan Rama a Indiya. Labarin yana cikin Ramayana, doguwar waƙa cikin harshen Sanskirit da ake jingina wa wani mai hikima Balmiki, mai baiti kusan 24,000 a kashi 7. Masana sun fi karkata ga cewa an tsara gangar jikinta ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, sannan aka ci gaba da ƙara mata, musamman kashi na ƙarshe. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar Rama a matsayin abin bautarsu Bishnu cikin siffar mutum. Wannan aƙidarsu ce, kuma ba ita ce abin dubawarmu a nan ba. Abin dubawa shi ne tambayar da waƙar ta ɗora a gaban masu mulki tun tale-tale: me ake bin sarki bashi, kuma idan haƙƙoƙi biyu suka yi karo a kansa, wanne zai bari ya faɗi? Su Indiyawa suna tattara wannan duka a ƙarƙashin dharma, wato abin da ya wajaba a kan mutum gwargwadon matsayinsa, ɗa ne ko miji ko sarki.

Gidan da rikicin ya taso ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi cikin 'yan uba. Dasharata yana da mata 3. Kausalya ce uwargida, ita ta haifi Rama. Kaikeyi ce mowa, ita ta haifi Barata. Sumitra ta haifi tagwaye, Lakshmana da Shatrugna. Da labarin naɗin ya zo wa Kaikeyi, murna ta yi, har ta cire abin ado ta ba baiwarta Mantara tukuici. Mantara ce ta zauna ta hura mata wuta: gobe kishiyarki za ta zama uwar sarki, ke da ɗanki ku koma 'yan kallo, in ma an bar shi da rai. Ta tuna mata cewa ta taɓa ceton ran sarki a fagen fama, ya ce ta roƙi abu biyu duk abin da take so, ta ce a ajiye mata sai wata rana. To ranar ta zo: a naɗa Barata, a kori Rama.

An saba zuba wa matan nan biyu laifin duka, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Balmiki bai ɓoye cewa Dasharata ya gaggauta naɗin ne daidai lokacin da Barata yake can wurin dangin uwarsa a ƙasar Kekaya ba, har ya faɗa wa Rama da bakinsa cewa gara a gama kafin ya dawo. Daga baya kuma Rama da kansa ya tuna wa Barata cewa lokacin auren Kaikeyi, mahaifinsu ya yi wa surukinsa alkawarin cewa ɗanta ne zai gaji mulki. Ashe tsohon sarki alkawari biyu ya ɗauka, yana kuma neman hanyar kewaye su cikin hanzari. Tsoron Kaikeyi yana da tushe.

Abin da ya sa fitar Rama take da nauyi shi ne ƙofofin tsira a buɗe suke, har sun yi yawa. Uban da kansa, yana kuka, ya ce da shi: mace ta ruɗe ni, ka kama ni ka tsare, ka hau karaga. Lakshmana ya ce ga bakansa ga kibiyarsa, tsohon da sha'awa ta rufe wa ido ba a yi masa biyayya, duk wanda ya tsaya wa Barata a gari zai gama da shi. Kausalya ta kawo hujjar da ta fi ƙarfi: in uba yana da haƙƙi, uwa ma tana da shi, kuma ni ban ba ka izinin tafiya ba. Talakawa sun riga sun faɗi ra'ayinsu a taron da sarki ya kira kafin naɗin, Rama suke so. Sojoji da fadawa da mutanen gari duk suna bayansa. Shi kuma ba shi ya yi alkawarin ba.

Me ya hana shi? Amsar ta fito fili daga baya, a dutsen Citrakuta, lokacin da wani malamin fada mai suna Jabali ya gwada shi da maganar 'yan duniya zalla. Ya ce kowa shi kaɗai ya zo, shi kaɗai zai koma. Uwa da uba masauki ne da matafiyi yake kwana ya wuce. Ubanka ya mutu, matacce ba ya bin kowa bashi. Ka karɓi abin da ido yake gani ka bar wanda ba ya gani. Rama ya fusata. Ya ce yadda sarakuna suke, haka talakawansu suke zama, kuma mulki a kan gaskiya yake tsaye. In shi ya mai da maganar ubansa ƙarya don ya sami gadon sarauta, da wane baki zai ce wa wani ya cika alkawari?

Wannan hujja ce ta siyasa, kuma tana da ƙarfi. A ƙasar da babu rubutaccen tsarin mulki, babu kotun da ta fi sarki, abin da yake ɗaure mai iko shi ne maganarsa kawai. In ta kwance, babu sauran igiya. Waƙar ta nuna irin tsoron da ake ji a wancan zamani a wani babi da fadawa suka taru bayan mutuwar Dasharata, an ajiye gawarsa cikin kaskon mai ana jiran Barata. Suka dinga lissafa halin ƙasar da ba ta da sarki: ɗa ba ya jin maganar uba, mai dukiya ba ya barci da ƙofa a buɗe, fatake ba sa tafiya da kaya, mutane suna cin junansu kamar kifaye. Tarihin yankin ma bai rasa misali ba. A masarautar Magada, maƙwabciyar Kosala, Ajatashatru ya tsare mahaifinsa Bimbisara har ya mutu, ya hau mulki. Ɗaya babbar waƙar Indiya, Mahabarata, labarin 'ya'yan wa da ƙane ne da suka ƙare junansu a yaƙin kwana 18 a kan gadon sarauta. Sheldon Pollock, masani ɗan Amurka da ya fassara wannan kashi na Ramayana, yana ganin waƙar amsa ce ga wannan ciwo: ga gidan sarautar da duk sinadaran zubar da jini sun haɗu, amma ba a zare takobi ba saboda ɗa ya bi uba, ƙane ya bi wa.

Sai dai Balmiki bai sassaƙa gunki ba, mutum ya zana. Lokacin da karusar ke fita gari, tsohon sarki yana biye yana ihu a tsaya, Rama ya ce da direbanta Sumantra ya ƙara gudu, in an tambaye shi daga baya ya ce bai ji ba. Mutanen gari da suka bi shi har bakin kogin Tamasa, cikin dare ya sulale ya bar su suna barci, ya sa aka juya karusa don sawunta ya ɓatar da su. A daren farko da suka kwana su uku a daji, ya saki baki a gaban Lakshmana: wane irin uba ne zai jefar da ɗa mai biyayya saboda mace? Mai tsananin riƙon gaskiya ya sa bawansa ƙaramar ƙarya, mai biyayya ya yi gunaguni cikin duhu. Ni dai waɗannan wurare sun fi sa ni yarda da shi.

Kuma tun a nan lissafi ya fara nunawa. Uban ya mutu da baƙin ciki cikin 'yan kwanaki. Kausalya ta rasa miji da ɗa a mako guda. Gari ya rasa sarkin da ya zaɓa har shekara 14. Hausawa suna cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a gidan Dasharata wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙonewa, kuma haka abin zai ci gaba har ƙarshen waƙar.

Barata ya dawo, ya ji abin da aka yi da sunansa, ya zage uwarsa tas, ya ƙi karaga, ya kwashi fadawa da runduna ya bi sawun yayansa har Citrakuta. Lakshmana da ya hango ƙura daga kan itace ya ɗauka yaƙi ne ya zo. A nan ne aka sami wurin da ya fi kowane wuri bayyana abin da Rama yake nufi da mulki. Bai san uban ya rasu ba tukuna, ya ɗauka Barata ne ke riƙe da gari, sai ya rungume shi ya shiga jero masa tambayoyi. Kana tashi a ƙarshen dare ka yi tunanin al'amuran ƙasa? Ina fata ba ka yanke shawara kai kaɗai, ba ka kuma yin ta da taron jama'a har asiri ya fita? Kana fifita mai ilimi ɗaya a kan wawaye dubu? Kana ba babban ma'aikaci babban aiki, matsakaici matsakaicin aiki? Kana biyan sojoji albashinsu da abincinsu a kan lokaci, domin jinkirin wannan shi ke sa bawa ya juya wa ubangidansa baya? Manoma da makiyaya suna jin daɗinka? Abin da ke shiga baitulmali ya fi abin da ke fita? Ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, ina fata ba a sakinsa don ya ba da toshiya? In mai kuɗi da talaka suka zo shari'a, alƙalanka suna duba gaskiya ko aljihu? Har da wannan: in an kawo maka abinci mai daɗi, kai kaɗai kake ci ko kana miƙa wa abokai?

A cikin jerin akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu sake bukatarsa. Rama ya ce hawayen wanda aka yi wa ƙazafi aka hukunta shi ba da haƙƙi ba, su ke halaka 'ya'ya da dabbobin sarkin da ya yi hukuncin.

Daga nan aka shiga jayayyar da ba a saba gani ba, 'yan uba biyu kowa yana tura wa ɗan'uwansa mulki. Da Barata ya ga ba zai ci nasara ba, sai ya roƙi takalman Rama. Ya ɗora su a ka ya koma, ya ajiye su a kan karaga, aka riƙa musu laima. Shi kuwa ya ƙi zama cikin Ayodiya, ya koma ƙauyen Nandigrama, ya sa ɓawon itace kamar yayansa, yana gudanar da mulki a matsayin wakili, duk wata magana sai ya kai ta gaban takalman. Ya rantse in shekara 14 ta cika Rama bai dawo ba, wuta zai faɗa. Da wa'adi ya cika ya mai da amana, ya ce baitulmali ya ninka sau 10. In za a yi adalci, mutumin da ya fi kowa nuna aikin mulki na yau da kullum a waƙar nan Barata ne.

A daji al'amura suka fara rikicewa, kuma Sita ce ta fara hango hakan. Masu ibada a dajin Dandaka sun roƙi Rama ya kare su daga dodannin da ke addabarsu, ya ɗauki alkawari. Sita ta ce masa, cikin ladabi, ka zo zaman gudun duniya ne amma ga baka a kafaɗa. Makami yana canja halin mai riƙe da shi, kuma kashe wanda bai yi maka komai ba yana cikin manyan laifuka. Ya yaba mata, sannan ya ce ya gwammace ya rasa ransa, ya rasa ta, ya rasa Lakshmana, da ya saɓa alkawari. Ya faɗi jerin abin da zai iya sadaukarwa tun da wuri, kuma duka ukun sai da ya sadaukar.

Sauran labarin sananne ne. An yanke wa wata dodanniya mai suna Shurpanaka hanci da kunne, yayanta Rawana sarkin Lanka ya sace Sita, Rama ya haɗa kai da rundunar birai, aka tsallaka teku, aka yi yaƙi. Amma akwai kisan Bali, sarkin birai na Kishkinda, da ya daɗe yana damun masu sharhi a Indiya. Rama ya ƙulla yarjejeniya da Sugriwa, ƙanen Bali: ka taimake ni neman matata, in kashe maka yayanka. Ya kuwa harbe shi daga maɓoya yana tsakiyar faɗa da Sugriwa. Bali yana kwance cikin jini ya tuhume shi: ban taɓa ƙasarka ba, ba da kai nake faɗa ba, namana ba ya ciyuwa, fatata ba ta sawuwa, kuma da ni ka tambaya da na kawo maka matarka a yini ɗaya. Rama ya amsa cewa ƙasar duka ta gidansu ce, Barata ke mulki, shi kuma yana zartar da hukunci a madadinsa. Bali ya ƙwace matar ƙanensa, hukuncin wannan kisa ne. Ga alkawarin da ya ɗaukar wa Sugriwa. Sannan maharbi ba ya neman izinin dabba. Bali ya sallama a cikin waƙar. Ni ban sallama ba. Ba a yi wa mutum shari'ar ɗa'a sannan a ce dabba ce, kuma mai neman rundunar wani ba shi ne ya dace ya yi alƙalanci a rigimar gidansu ba. Abin yabo shi ne mawaƙin ya bar tuhumar Bali da kaifinta, bai dushe ta ba.

Akwai inda Rama ya yi abin da babu mai jayayya a kai. Bibishana, ƙanen Rawana, ya gudo neman mafaka, Sugriwa ya ce ɗan leƙen asiri ne a kashe shi, Rama ya ce duk wanda ya zo ya ce ni naka ne ba zai kore shi ba, ko da Rawana ne da kansa. Da Rawana ya faɗi, ya sa aka yi masa jana'iza ta girmamawa, ya ce gaba tana ƙarewa da mutuwa. Lanka kuma bai haɗa ta da ƙasarsa ba, ya naɗa Bibishana ya tafi.

Sai maganar Sita, inda ginin ya tsage. Bayan nasara aka kawo ta gabansa a bainar jama'a, ya tarbe ta da magana mai ɗaci: yaƙin nan don wanke sunan gidanmu na yi shi, macen da ta zauna gidan wani ba zan karɓa ba, ki tafi inda kika ga dama. Ta ce a hura wuta, ta shiga, ta fito babu ko ƙuna. Rama ya ce dama ya san tsarkinta, yana so ne duniya ta gani. Aka koma Ayodiya, aka naɗa shi. A kashi na ƙarshe, wanda masana da yawa suke ganin ƙari ne, wata rana ya tambayi abokan hirarsa me gari ke cewa. Wani mai suna Badra ya faɗa masa gaskiya: mutane suna yabon yaƙinka, amma suna cewa tunda sarki ya mai da matar da ta zauna hannun Rawana, mu ma dole mu haƙura da duk abin da matanmu suka yi, domin abin da sarki ya yi shi talaka ke bi.

Hujjar da ya kayar da Jabali da ita ce ta dawo masa a bakin 'yan tsegumi. Ya kira ƙannensa, ya ce zuciyarsa ta san Sita ba ta da laifi, amma ba zai iya zama da baƙin suna ba. Ya umarci Lakshmana ya kai ta hayin kogin Ganga ya baro ta, ya hana kowa ya yi masa musu. Tana da ciki. Ita da kanta ta roƙi a kai ta ziyarar wuraren masu ibada, da wannan aka yaudare ta ta hau karusa tana murna, har da tsarabar da za ta raba. Ba a kira ta an tambaye ta ba, shi kuma bai iya tsayawa ya faɗa mata da bakinsa ba.

Masu kare Rama suna da abin faɗa, kuma ba maganar banza ba ce. Suna cewa sarki ba nasa ba ne. Mulkin da babu zaɓe a cikinsa, jarinsa amincewar jama'a. In ta tafi, dawowar zamanin kifaye ne. Sarkin da zai iya yanke abin da ya fi so don kada a ce yana da doka biyu, ɗaya ta gidansa ɗaya ta talakawa, shi ne ya cancanci ya hukunta wasu. Suna ƙarawa da cewa bai huta ba: bai sake aure ba a gidan da ubansa ya ajiye mata 3, kuma da ya zo babbar hadayar doki da ake bukatar sarki ya zauna da matarsa, mutum-mutumin Sita na zinariya ya sa aka ƙera.

Na ji wannan, amma bai warware ba. A fitarsa ta farko, gaskiya da suna hanya ɗaya suka bi, kuma abin da ya bari nasa ne. A ta biyu sun rabu: gaskiya tana wurin Sita, suna yana wurin gari, ya bi suna, abin da ya bayar kuma rayuwar wata ce. In da gaske talaka yana kwaikwayon sarki, to darasin da Ayodiya ta koya a ranar shi ne ana korar mace mai ciki a kan jita-jita ko da mijinta ya san ƙarya ce. Mutumin da ya gargaɗi Barata a kan hawayen wanda aka yi wa ƙazafi shi ne ya zubar da irinsu. Akwai kuma hanyar da ya riga ya san ta sarai: ya miƙa wa Barata mulki, wanda an ga iya riƙonsa, ya bi matarsa daji kamar yadda ta bi shi. Ya taɓa barin karaga saboda maganar uba. Saboda gaskiyar mata bai bar ta ba.

Sita ta haifi tagwaye, Lawa da Kusha, a wurin ibadar Balmiki, mawaƙin da kansa. Bayan shekaru aka kawo ta gaban taro, aka nemi ta sake rantsuwa. Ta rantse, amma da sharaɗin kanta: in ban taɓa tunanin wani namiji ba sai Rama, ƙasa ta buɗe ta karɓe ni. Ƙasa ta buɗe. Ta wanke kanta, ta kuma ƙi komawa.

A wannan kashi ne kuma labarin Shambuka yake. Ɗan wani Brahmin, wato mutumin ajin malaman addini, ya mutu da ƙuruciya, uban ya kawo gawar ƙofar fada ya ce laifin sarki ne, domin a ƙasar mai adalci yaro ba ya riga ubansa. Aka ce dalili shi ne wani ɗan ajin Shudra, mafi ƙasƙanci a azuzuwa 4 na al'ummar, yana irin ibadar da ba a halatta wa ajinsa ba. Rama ya nemo shi, ya tambayi asalinsa, ya fille masa kai, yaron ya farfaɗo. Rabin farko na labarin yana ɗora wa mai mulki alhakin mutuwar kowane yaro a ƙasarsa, abin da ko gwamnatocin yau ba sa yarda su ɗauka. Rabin na biyu yana nuna cewa tsarin da sarkin yake karewa tsarin fifikon haihuwa ne. Shi ya sa B. R. Ambedkar, jagoran 'yan Dalit (waɗanda tsarin azuzuwan ya mayar saniyar ware) da ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, da Periyar, ɗan gwagwarmayar yaƙi da fifikon haihuwa a ƙasar Tamil ta kudancin Indiya, suka ƙi karɓar Rama a matsayin abin koyi. Rubutun Ambedkar a kan haka da gwamnatin jihar Maharashtra ta buga a 1987, shekaru bayan mutuwarsa, sai da ya jawo zanga-zanga a Bombay.

Ba 'yan zamani ne suka fara jin nauyin waɗannan wurare ba. Bababuti, marubucin wasan kwaikwayo na ƙarni na 8, ya sa Rama yana yi wa hannunsa na dama gori kafin ya sari Shambuka, cewa hannun da ya kori Sita da ciki ina zai san tausayi, sannan ya ƙare wasan da sulhunta su. Kamban, da ya rera labarin da Tamil, ya tsaya a naɗin sarauta. Tulsidas, wanda ya fara tasa waƙar a 1574 cikin harshen Awadi, ita ce kuma mutanen arewacin Indiya suka fi haddacewa, bai ba da labarin korar Sita ko kisan Shambuka ba, ya ma ce inuwarta Rawana ya sace, ita ta gaskiya tana ɓoye cikin wuta. Daga wurinsa aka sami baitin da ya zama karin magana, cewa al'adar gidan Ragu, wato zuriyar su Rama, ce rai ya fita amma magana ba ta tashi. Kowane zamani ya gyara inda ya fi yi masa ƙaiƙayi.

Mulkin Rama kansa, wanda ake kira Ram Rajya, baituka kaɗan aka ba shi: babu ɓarawo, babu gwauruwa mai kuka, tsofaffi ba sa binne yara, ruwa yana sauka a kan kari, kowa yana kan sana'ar ajinsa. Ƙarancin bayanin ne ya sa kowa yake iya zuba abin da yake so a ciki. Sarakunan Tailan sun sa wa tsohon babban birninsu Ayuttaya, wato sunan Ayodiya, kuma sarkinsu na yanzu Rama na 10 ne. Sarki Akbar, Musulmi, ya sa an fassara waƙar zuwa Farisanci a shekarun 1580. Ko masu kallon finafinan Indiya a Kano da Zinder sun sha ganin ƙashin bayan labarin ba tare da an ambaci sunansa ba: ɗa mai biyayya, kishiyar uwa, ƙanen da ya ƙi cin gadon yayansa. Gandhi ya yi ta kiran Ram Rajya a gwagwarmayar neman 'yanci, yana bayyana cewa ba mulkin Hindu yake nufi ba, mulkin adalci ne da mafi ƙanƙantar talaka zai sami haƙƙinsa da sauri.

Daga shekarun 1980 sunan ya ɗauki wani aiki. Gidan talabijin na gwamnati ya nuna labarin kashi 78 a 1987 da 1988, tituna suna yin tsit ranar Lahadi da safe. A 1990 L. K. Adbani na jam'iyyar BJP ya zaga ƙasa cikin motar da aka yi wa siffar karusa, yana neman a gina wa Rama wurin bauta a inda Masallacin Babri yake a Ayodiya, wurin da mabiya Hindu da dama ke cewa a nan aka haifi Rama. Hotunan da aka watsa a lokacin na Rama ne mai murɗaɗɗen jiki ya ja baka, kuma tsohuwar gaisuwar da ke sa sunan Sita gaba, Jai Siya Ram, ta ja baya ga kirarin taro, Jai Shri Ram. Ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000, akasarinsu Musulmi. A Nuwamba 2019 Kotun Ƙoli ta ce rushewar keta doka ce, amma ta ba da filin a gina wurin bautar, ta ce a ba Musulmi eka 5 a wani wuri. Narendra Modi ya jagoranci buɗe ginin ranar 22 ga Janairu 2024. Gwarzon da aka san shi da barin abin da yake haƙƙinsa don kada jini ya zuba a Ayodiya, da sunansa aka karɓi fili a Ayodiya bayan jini ya zuba.

'Yan adawa ma ba su bar labarin ba, sai dai wani gefe suke ja. A Satumba 2024 Arvind Kejriwal ya sauka daga shugabancin gwamnatin Delhi bayan an ba da belinsa a shari'ar zargin rashawa, Atishi ta gaje shi. Ranar da ta shiga ofis ta ajiye kujerarsa babu kowa a gefen tata, ta ce kamar Barata za ta riƙe amana na wata 4 har mai kujera ya dawo. A zaɓen Fabrairu 2025 BJP ta ci kujeru 48 cikin 70, Kejriwal kuma ya faɗi a mazaɓarsa.